Ƙara wa Barno Dawaki: Tallafin Farashi a Gundumar Sunflower

A Hausa, abin da ya karkata zai faɗi shi ake tallafa wa. Uwa tana tallafe da jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba. Ana tallafa wa maraya. Ana tallafa wa maƙwabcin da gobara ta cinye rumbunsa. Ba a taɓa jin an tallafa wa dutse ba, balle kukar da ta shekara ɗari a tsaye. Don haka idan gidajen rediyo suka ce gwamnatin Amurka ta ba manomanta tallafi, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne wani bawan Allah mai ƴar gona, wanda damina ta yi wa gardama, hukuma kuma ta zo ta share masa hawaye. Kalmar ce ta ɗauko wannan tunani, kuma yaudara ce. Kuɗin da Amurka ke biya domin riƙe farashin amfanin gona ana auna su ne da faɗin gona da yawan abin da ta saba bayarwa. Buƙatar mai noma ba ta cikin lissafin. Wanda ya fi kowa ƙasa shi ya fi kowa rabo. Fiye da shekara 90 ke nan ana haka, kuma sakamakon a bayyane yake ga duk wanda ya yarda ya tsaya a kan gunduma guda ya duba da kyau.

Gundumar da za mu tsaya a kanta sunanta Sunflower, tana jihar Misisipi a kudancin Amurka, a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar fadamar nan da ke tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazu, wadda ake kira Delta. Babban garinta Indianola. Ƙasarta baƙa ce mai albarka, tana cikin mafi kyawun ƙasar noma a Amurka, kuma auduga ce ta yi mata suna, ko da yake a yau waken soya da masara da shinkafa da tafkunan kiwon tarwaɗa sun mamaye wuri mai yawa. Mafi yawan mazaunanta baƙar fata ne, zuriyar waɗanda suka sare dajin suka nome audugar. A ƙidayar 1930 mutanenta sun haura dubu 66. A ƙidayar 2020 ba su kai dubu 26 ba, kuma har yanzu ana lissafa ta cikin gundumomi mafi talauci a jihar da ita kanta ke cikin mafi talauci a ƙasar. Ga ƙasa mai arziki, ga jama'a matalauta, ga kuɗin gwamnati suna kwarara cikinta tun 1933. Ina suke shiga?

Yadda kuɗin ke fita

Kafin a yi hukunci, a san yadda abin ke tafiya. Kusan bayan kowace shekara biyar majalisar dokokin Amurka tana zartar da babbar dokar noma. A cikinta ake yanka wa wasu zaɓaɓɓun amfanin gona farashin ma'auni. Dokar 2014, alal misali, ta yanka wa tan ɗaya na gyaɗa dala 535. A 2018 aka shigo da auduga mai gurya a kan sent 36.7 kowace laba, wato nauyin da ya gaza rabin kilo da kaɗan. Idan matsakaicin farashin kasuwa na shekara ya faɗi ƙasa da ma'aunin, baitulmali ke cike giɓin. Ana ninka giɓin da yawan amfanin da aka rubuta wa gonar tun shekarun baya, sannan a ninka da kashi 85 cikin ɗari na ekokin da aka yi mata rajista. Abin lura shi ne, ba dole ne a shuka wannan amfanin a bana ba. Tarihin gonar ake biya.

Akwai hanya ta biyu, wato bashin jingina. Manomi ya kai amfaninsa jingina ga wani kamfanin gwamnati da aka kafa tun 1933, ya karɓi bashi a kan ƙayyadadden farashi. Idan kasuwa ta tashi, ya sayar ya biya. Idan ta faɗi, ya biya ƙasa da abin da ya ranta, ko ya bar wa gwamnati kayan, magana ta ƙare. Hanya ta uku ita ce inshorar amfanin gona, wadda gwamnati ke biyan kimanin kashi 60 cikin ɗari na kuɗinta, kuma ba a sa mata iyaka ba. Rajistar ekoki da takardun biyan giɓi suna bi ne ta ofishin ma'aikatar noma da ke gunduma, inda kwamitin manoman yankin ke da baki.

Lissafin ba ya buƙatar malami. Idan mai eka 50 ya sami abu ɗaya, mai eka 5,000 zai sami ɗari. Wanda ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, sai ƙarfin damtsensa, ba ya cikin takarda sam. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin, sauran duk ado ne.

Shekarar da aka kashe auduga a gona

Farkon abin yana da uzurinsa, kuma adalci ne a faɗe shi. Labar auduga da ake sayarwa kusan sent 17 a 1929 ta faɗo ƙasa da sent 6 a 1931. Manoma na rasa gonakinsu ga bankuna. A watan Mayun 1933 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnati ikon biyan manoma domin su rage noma, saboda kaya su yi ƙaranci farashi ya tashi. A wannan daminar aka bi da garma a kan kimanin eka miliyan 10 na audugar da ta riga ta tsiro, aka binne ta.

To, amma wa ke noman audugar a Delta? Dubban iyalai ne masu noma-mu-raba: mai ƙasa ya ba da gona da alfadari da iri da bashin abinci, su kuma su ba da ƙarfi, a kaka a raba, bayan an cire bashin da mai ƙasa ne kaɗai ke riƙe da littafinsa. Doka ta ce a ba su kasonsu daga kuɗin gwamnati. Sai dai takardar kuɗin hannun mai ƙasa take zuwa, kwamitin gundumar da za a kai ƙara gabansa kuwa masu ƙasar ne ke zaune a ciki, baƙar fata kuma an hana su ƙuri'a. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da yawa daga masu ƙasa suka ga hanya mafi sauƙi: tunda an rage ekoki, a rage mutane. Suka kori iyalan, suka riƙe kuɗin gaba ɗaya, suka sayi tarakta, idan lokacin cirar auduga ya zo su ɗauki mutanen nan a matsayin ƴan ƙodago na yini. A 1934 korarrun manoma, farare da baƙaƙe, suka kafa ƙungiyarsu a kusa da garin Tyronza na jihar Arkansas, a ɗaya gefen kogin. A 1935 aka sallami lauyoyin ma'aikatar noma da suka yi ƙoƙarin fassara dokar yadda za ta hana korar.

Gaskiya ne injin ma ya taka rawarsa. A 1944, a wata gona kusa da Clarksdale, arewa da Sunflower, aka noma auduga aka cire ta da injina zalla, karon farko. Kuma masana'antun Cikago suna jan mutane, zaluncin wariyar launi yana tura su. Amma injin ba ya sayen kansa. Kuɗin gwamnati ne suka rage wa mai ƙasa haɗari, suka ba shi jarin da ya maye gurbin mutum da ƙarfe, ba tare da an tanadar wa wanda aka kora komai ba.

Sanata da ƴar ƙodago

Mutum biyu daga wannan gunduma sun isa su nuna inda ruwan ke gangarawa. Na farko James Eastland, wanda ya wakilci Misisipi a Majalisar Dattawa fiye da shekara 35, ya shugabanci kwamitin shari'a daga 1956 zuwa 1978, ya kuma yi ƙaurin suna wajen adawa da daidaita haƙƙin baƙar fata. Yana da gonar da ta haura eka 5,000 a kusa da Doddsville. A ƙarshen shekarun 1960 gonar tana karɓar fiye da dala dubu 100 a shekara daga shirin auduga na gwamnati, shirin da wani ɓangarensa biya ne don a bar ƙasa ba a shuka ba. Mai kaɗa ƙuri'a a kan dokar shi ne mai karɓar kuɗinta.

Ta biyu Fannie Lou Hamer, mazauniyar Ruleville, ƴan kilomitoci daga gonar sanatan. Ita ce auta cikin ƴaƴa 20, ta fara cirar auduga tana da shekara shida, ta yi shekara 18 tana aiki a gonar wani mai ƙasa. A watan Agustan 1962 ta je Indianola neman rajistar zaɓe. A wannan rana aka kore ta daga gonar. A 1969 ta kafa gonar haɗin gwiwa domin iyalan da ba su da ƙasa su ci da kansu. Ta fara da eka 40, ta kai kusan 680, tana raba wa iyalai dabbobin kiwo su haifa su mayar. Da gudummawar jama'a gonar ta rayu, kuma ba ta cika shekara goma ba ta durƙushe saboda bashi da munanan damuna. A tsakanin waɗannan shekaru ne, a watan Afrilun 1967, Sanata Robert Kennedy ya zagaya Delta ya ga yara masu fama da yunwa da idonsa, a ƙasar da ake biyan masu gonaki don kada su noma.

A dubi wannan da idon basira. Gonar da ta karkata za ta faɗi, wadda ta dace da ma'anar kalmarmu, ba ta sami abin da zai riƙe ta ba. Gonar da ke tsaye daram ita ake aika wa takardar kuɗi kowace shekara. Kuma ba Sunflower kaɗai ba ce: a 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun haura dubu 900, yau ba su kai kashi biyu cikin ɗari na manoman ƙasar ba. A 1999 gwamnati ta sasanta babbar ƙarar da manoma baƙaƙe suka shigar a kan ma'aikatar noma, wadda aka sani da ƙarar Pigford, bisa zargin nuna musu bambanci wajen ba da bashi da sauran taimako a ofisoshin gunduma. An biya diyya, a 2010 aka ƙara ware dala biliyan 1.25 ga waɗanda suka makara. Ihu bayan hari: gonakin sun riga sun sauya hannu.

Iyakar da ke kan takarda

Masu kare tsarin za su ce wannan tsohon labari ne, yanzu akwai iyaka. Ƙwarai akwai. Surutun da aka yi a kan irin kuɗin da manyan gonaki ke karɓa ya sa a 1970 aka ce kada mutum ɗaya ya wuce dala dubu 55 a kan amfanin gona ɗaya. Sai dai doka ta ce "mutum", lauyoyi kuma suka duƙufa ga ƙera mutane. Gona guda aka rarraba ta a takarda zuwa kamfanoni da abokan tarayya, kowane da iyakarsa, alhali tarakta ɗaya ce ke nome ta. Dabarar ta yi ƙarfi a wannan yanki har aka laƙaba mata sunan bishiyar Kirsimeti ta Misisipi, saboda yawan rassan da ake rataya wa kututture ɗaya.

Dokar 2014 ta sa iyakar a dala dubu 125, ta ba gyaɗa iyakarta daban. Dokar 2018 ta faɗaɗa ma'anar iyali ta shigo da ƴaƴan ƴan'uwa da ƴaƴan baffa da na kawu, kowane yana iya karɓar nasa kason muddin an rubuta cewa yana taimakawa wajen gudanarwa, ko da ba ya shiga gona. A 2025 aka ɗaga iyakar zuwa dala dubu 155, aka kuma ɗaga farashin ma'aunin kansa. Wace irin iyaka ce wadda kullum ake matsa ta gaba, kuma ake ninka ta da yawan dangi?

Ƙungiyar Environmental Working Group ta tattara bayanan biyan kuɗin tun daga 1995, gunduma bayan gunduma, ta baza su kowa ya gani. Abin da suka nuna shi ne, kashi goma cikin ɗari na masu karɓa sun kwashe kimanin kashi uku cikin huɗu na kuɗin amfanin gona. Mafi yawan gonakin Amurka, da suka kusa miliyan biyu, ba sa samun komai daga wannan shiri, domin kusan duka kuɗin a kan masara da waken soya da alkama da auduga da shinkafa suke sauka. Mai noman kayan lambu ko na marmari ba shi da farashin ma'auni.

Akwai kuma illar da ba ta fitowa a jadawali. Kusan kashi biyu cikin biyar na ƙasar noman Amurka haya ake yi. Tunda kuɗin a kan eka suke rataye, mai ƙasa ya san abin da ekarsa za ta jawo, sai ya ɗora shi a kan kuɗin haya da farashin sayarwa. Ta haka wani kaso na abin da aka biya da sunan manomi yake ƙarewa a aljihun mai ƙasar da ke zaune a birni, saurayin da ke son fara noma kuwa ya tarar ƙasa ta fi ƙarfinsa. Babban manomi, mai tabbacin kuɗin gwamnati a hannu, shi banki ke ba bashi ya saye gonar maƙwabcinsa. Shirin da ake tallatawa da sunan ceton ƙaramar gona shi ke ba babbar gona haƙoran cinye ta.

A 2018 da 2019, lokacin rikicin ciniki tsakanin Amurka da Sin, an sake ƙara kimanin dala biliyan 23 a kan abin da aka saba. A shekara ta biyu kowace gunduma aka yanka mata nata farashin, daga dala 15 zuwa dala 150 a kan eka, kuma mafi tsoka ya faɗa wa gundumomin auduga na kudu. Nan ma eka aka ƙirga.

Abin da ya ƙetaro teku

Da abin ya tsaya a cikin Amurka, da sai mu ce tsakaninsu ne da masu biyan harajinsu. Amma auduga kayan kasuwar duniya ce, kuma farashin da ake yankawa a can shi ke isowa ga manomin Banikoara a arewacin Benin, da na kewayen Garwa a Kamaru, da na Mundu a Cadi, garuruwan da kasuwanninsu ba baƙi ba ne ga fataken Hausa. A ƙa'ida, idan farashi ya faɗi, mai noma da tsada shi ke ragewa, kasuwa ta farfaɗo. Idan gwamnati ta ɗauke wa mai noma da tsada asararsa, ba zai rage ba. Zai ci gaba da zuba kaya, farashi ya ci gaba da kwanciya, asarar ta koma kan wanda ba shi da mai cike masa giɓi.

Haka aka gani a kakar 2001 zuwa 2002, lokacin da farashin duniya ya sauko kusan sent 42 a kan laba, mafi ƙasƙanci cikin shekara 30. Dokar noma ta 2002 ta sa wa audugar Amurka ma'aunin sent 72.4. A waɗannan shekaru kason Amurka a audugar da ake fitarwa a duniya ya kai kusan biyu cikin biyar. Ƙungiyar Oxfam ta lissafa a rahotonta na 2002 cewa manoman auduga kimanin dubu 25 a Amurka sun karɓi dala biliyan 3.9 a kaka guda, adadin da ya zarce duk abin da tattalin arzikin Burkina Faso ke samarwa a shekara a wancan lokaci. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai mutum fiye da miliyan 10 a yammaci da tsakiyar Afirka da cinsu da suturarsu suka dogara ga auduga, masu noma da garmar shanu, masu cira da hannu, kuma da araha fiye da takwarorinsu na Misisipi.

A 2003 Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka haɗa kai suka kai kuka gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Taron Kankun na watan Satumban wannan shekara ya watse ba a cimma komai ba, kuma batun auduga yana cikin abin da ya ɗaga hankali. An yi alkawura a Hon Kon a 2005 da Nairobi a 2015, aka soke kuɗin da ake biya kai tsaye don fitar da kaya, amma biyan giɓin cikin gida, wanda shi ne uwa uba, yana nan. Birazil kuwa, mai ƙarfin ɗaukar lauyoyi da ƙarfin ramuwa, ta shigar da ƙara a 2002, ta yi nasara a 2004, aka tabbatar da hukuncin a 2005, a 2009 aka ba ta izinin ramawa a kan cinikin da ya haura dala miliyan 800. Me Amurka ta yi? Maimakon ta daina, a 2010 ta yarda ta riƙa biyan dala miliyan 147.3 kowace shekara ga wani asusun manoman audugar Birazil, a 2014 ta rufe maganar da dala miliyan 300. Wato mai biyan haraji a Amurka ya biya manoman ƙasarsa, sannan ya biya na Birazil don a bar shi ya ci gaba da biyan na farkon. Ƙasashe huɗun Afirka, waɗanda suka fi jin jiki, irin wannan diyya ba ta iso gare su ba.

A tuna kuma cewa a shekarun 1980 da 1990 Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, masu hedikwata a Washinton, su ne suka gindaya wa ƙasashenmu sharaɗin janye hannu daga farashi da cire rangwamen takin zamani. A 1986 Najeriya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da na auduga da gyaɗa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Hujjojin masu karewa

Suna cewa noma sana'a ce mai haɗari, kuma abinci tsaron ƙasa ne. Babu mai musun wannan, balle mu da muka san fari da fara. Kowace hukuma mai hankali tana da rumbun tsimi, tana kuma kare manominta daga faɗuwar da za ta raba shi da gonarsa. Amma kariya daga faɗuwa tana da ƙarshe: idan mutum ya miƙe, an gama. Abin da ke ƙaruwa da ƙaruwar dukiyar mai karɓa ya tashi daga kariya ya zama riba. Auduga kuma ba a tuƙa tuwo da ita.

Suna cewa kuɗin suna raya karkara. Sunflower ta amsa wannan: kuɗin sun shekara 90 suna shiga, mutum uku cikin kowane biyar sun ragu. Da a ce ko kashi kaɗan daga cikinsu aka karkata ga makarantu da asibitoci da ba marasa ƙasa damar mallakar gona, da an ga alamarsa a titunan Ruleville da Drew.

Suna cewa kowa ma yana yi: Tarayyar Turai tana yi, Indiya tana yi, Sin ma a yau ta zarce Amurka wajen abin da take kashe wa audugarta. Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara wa hujjarsu rauni. Idan kasuwa ta koma gasar baitulmali da baitulmali, wanda ya fi iya noma ba shi ke ci ba, wanda gwamnatinsa ta fi kuɗi shi ke ci. A irin wannan kokawa Cadi ba ta da ko damarar shiga fili.

Suna cewa matsalar manomin Afirka ta gida ce. Wani ɓangarenta ta gida ce, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Hukumomin sayen amfanin gona da aka gada daga mulkin mallaka sun daɗe suna sayen kayan manomi ƙasa da farashin duniya suna riƙe rarar. Akwai jinkirin biyan kuɗi, da matattun hanyoyi, da fitar da auduga ɗanya a sayo atamfa daga waje. Ƙasashe masu arziki suna biyan manominsu, matalauta suna tatsar nasu. Sai dai laifin ɓarawon gida ba ya wanke na waje. Manomin da ake matsa daga ɓangare biyu yana da ikon ya kira kowane da sunansa.

Abin da ya kamata

Gyaran ba ɓoyayye ba ne, kuma an sha kawo shi a majalisar Amurka ana kayar da shi. A sa iyaka ta gaskiya a kan gona guda, ba a kan sunayen da aka rataya mata ba. Kada a biya sai wanda ke aikin gonar da jikinsa. A sa wa kuɗin inshora iyaka kamar sauran. A raba biyan da yawan eka, a ɗaura shi a kan abin da iyali ke samu, yadda wanda ya faɗi ne zai karɓa. Abin da ya hana a yi haka shi ne waɗanda ke cin moriyar kaɗan ne, sun san juna, suna da wakilai a kwamitocin noma; waɗanda ke biya kuwa miliyoyi ne a warwatse, wasunsu ma a wata nahiya, ba su da ƙuri'a a can.

Mu da ke nesa ba mu da ikon sauya dokar Amurka, amma muna da iko a kan harshenmu. Ɗaliban Hausa na yau su ne masu fassara labarai da rubuta sharhi na gobe, a gidajen rediyo da jaridu daga Damagaram har Kumasi. Wanda ya fassara wannan shiri da kalmar tallafi kawai ya riga ya yanke hukunci a madadin mai sauraro, ya kuma yanke shi a inda bai dace ba. A ce kuɗin cike giɓin farashi, ko biyan eka, sannan a faɗi wanda ya karɓa da nawa ya karɓa. Haka kuma idan gwamnatocinmu suka sanar da nasu rangwamen taki ko bashin noma, tambayoyin da Sunflower ta koya mana su ne za a yi musu: da me ake auna rabon, wa ke zaune a kwamitin rabawa, kuma a hannun wa takardar ke sauka?